Daminar da na yi gadin gansakuka

Shekarun baya, a wata damina da aka samu ruwa sosai a Maiduguri, na zama matar da ta tsaya gadin gansakuka a cikin gidanta. Yau na ce bari in ba ku labarin da kaina, tunda dama a dangin mijina kowa ya san shi, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na gama haihuwa sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu, a nan Fezzan, har na iya wannan rubutun da kuke karantawa. Saboda haka duk abin da aka ce daga jami'a ya fito, girmansa nake gani. Ba na tambaya, ba na musu. Abin da na san na iya tun ina gidanmu shi ne tsafta. Kun san mu matan Borno, ana yi mana shaida da turaren wuta da humra, amma mahaifiyata takan ce turare na baƙo ne, in kana son sanin mace ka duba randarta da bakin kwatarta. A kan haka na tashi. Rairayin tsakar gidana kullum a share yake, har sawun tsintsiya ake gani. Ba yabon kai ba ne, ita kaɗai ce shaidar da nake da ita a cikin dangi.

A wannan shekarar, 'yata ta biyu tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun halittu. Wata rana, farkon damina, na same ta tsugune a bayan ɗakin girki, wajen da famfo yake, tana kallon bango. Wurin ba ya samun rana sosai, kuma ruwan indararo yana fantsama a jikinsa. Ashe kore ya fara fitowa a ƙasan simintin. Na ji kunya na ce bari in ɗauko buroshi. Sai ta riƙe min hannu.

Ta ce aikin da malaminsu ya ba ta ke nan. Za ta kwatanta halittu biyu. Na farko wani tsuntsu ne mai kamun kifi, ɗan uwan waɗanda ake gani bakin kogin Ngadda, amma shi wannan a wani tsibiri yake can nesa, kuma ya kusa ƙarewa a duniya saboda ana sare dajin da yake zaune. Ta nuna min hotonsa a waya. Shuɗi ne mai ƙyalli, da dogon baki ja, sai ka ce an yi masa kwalliyar biki. Na biyu kuwa, ta nuna bangona.

Na ce mata ashe har ƙazanta ma ana karantawa. Ta yi dariya ta ce wannan ba irin mai yauƙin nan ta jikin randa ba ce, duk da mu suna ɗaya muke kiran su. Ta ba ni wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu na leƙa. Gaskiya na yi mamaki. Ganyaye ne ƙanana a jere, wasu da 'yan sillaye a tsaye masu kai kamar ashana. Ta bayyana min yadda masu ilmi suke raba halitta gida gida, kamar yadda muke lissafa dangi. Tsuntsun yana cikin dabbobi, cikin masu ƙashin baya, cikin masu fuka-fuki, har a gangaro kan zuri'ar masu kamun kifi. Ita kuwa gansakuka tsiro ce, amma ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ko saiwar kirki ba ta da ita, da wani ɗan gari take yaɗuwa a iska. Sannan akwai wani rabon kuma, na waɗanda ake tsoron su ƙare da waɗanda babu damuwa a kansu. Tsuntsun yana can sama cikin abin tsoro. Gansakukar tana can ƙasa, ko'ina akwai ta.

Tsuntsu dai a littattafai za ta karanta shi. Gansakuka kuwa da idonta za ta bi girmanta. Ta buga 'yan ƙusoshi a bangon, ta zagaye wurin da zare, kamar faɗin faranti biyu. Ta ce duk ƙarshen mako in ta dawo gida za ta auna, ta ɗauki hoto.

"Mama, don Allah kada kowa ya taɓa min nan. Digirina ne a jikin bangon nan."

Da wasa ta faɗa, tana dariya. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba. Na riƙe maganar yadda take.

Haka muka shiga damina. Abin ya yi ta yaɗuwa, ya yi kauri, ya tsallake zaren ma. Kullum in na zo ɗibar ruwa sai in kawar da kai. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. In baƙuwa ta zo sai in shimfiɗa mata tabarma ta wajen da za ta ba wurin baya. Na taɓa jingina tsohuwar tabarma in rufe shi, 'yata ta dawo ta cire, wai yana buƙatar haske. Mijina shi ko a jikinsa. Ya ce in dai bangon ba zai faɗi ba, a bar yarinya ta yi karatunta.

To a cikin wannan daminar matar babban ɗana ta haihu. Namiji, jikana na fari. Kun san a al'ada haihuwar fari gidan iyayen mace ake yin jego. Amma tun cikin yana ƙarami mahaifiyarta ta zo daga Maisandari ta same ni. Ta ce su can ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa, ga gidan da yawan jama'a, ni kuwa ina da famfo, kuma kowa ya san yadda nake riƙe gida. Ta ce ta bar min 'yarta, ni zan yi mata wankan jego har arba'in. Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba. Uwa ta ɗauki haƙƙinta ta miƙa maka da hannunta, ba ƙaramar yarda ba ce. Na sayi itace na tara. Na sa aka yi min sabuwar tukunyar wanka. Na tanadi kanwa da gero na kunu, na haɗa turaren wuta na musamman. Daga asibiti gidana aka kawo su, na gyara musu ɗakin da ke kusa da nawa.

Kwanakin nan na farko, ni nake yi wa yaron wanka. In na gama in shafe shi da mai in naɗe shi, in zauna ina kallonsa har hantsi ya ɗaga. Na manta da bango ma.

Ranar jajibirin suna matan dangi suka zo aikin gida, kamar yadda aka saba. Mai jagorantar su kullum yayar mijina ce. Dattijuwa ce mai faɗa a ji, ita ta riƙe mijina bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa ni a wurina uwar miji ce. Tun da na shigo gidan ban taɓa ce mata a'a ba. Kafin su iso na jera manyan tukwane da turmi a gaban wurin, ina fatan a wuce ba a gani ba. 'Yata kuwa tana makaranta, suna da gwaji, sai ranar sunan za ta zo.

Ban yi tunanin cewa tukwanen nan su za a fara ɗauka don ɗora girki ba.

Ina ɗaki ina shirya yaro na ji tsakar gida ta yi tsit. Da na fito na tarar da Yaya tsaye, ta riƙe ƙugu, tana kallon bangon, matan kuma suna kallon ta. Sai ta ce wa wata a kawo mata toka da buroshi. Ita da kanta ta tattare lafayarta za ta tsuguna, mace mai ciwon gwiwa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai tsinci kaina tsakaninta da bango.

"Yaya, ki yi haƙuri, a bar shi."

Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na ce aikin makarantar yarinya ne, an hana a taɓa. Ta tambaya ko magani ne. Na ce a'a. Ko sayar da shi ake yi. Na ce a'a. Sai na fara bayani, ina in-ina, duk abin da 'yata ta koya min ya cakuɗe a bakina. Na kawo zancen tsuntsu, na kawo zancen tsibiri, na ce akwai halittun da suka kusa ƙarewa shi ya sa ake tsare su.

"To wannan ɗin ne ya kusa ƙarewa?"

Da na ce eh, wataƙila da an wuce wurin. Amma ban iya ba. Na ce a'a, tsuntsun ne. Wannan ko'ina akwai shi, babu damuwa a kansa.

Wata daga baya ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka biyo. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce to in kawo tsuntsun a taya ni gadi, wannan kuwa in yarinya na so, ta je bayan kasuwar kifi ta kwaso buhu. Na ce ba zai yiwu ba, wannan ɗin ake aunawa. Ban matsa daga wurin ba. Daga ƙarshe ta ajiye buroshin a ƙasa, a gaban ƙafata, ta ce min ai gidanki ne.

Na ɗauka an gama. Ashe farawa aka yi.

Ranar suna gida ya cika. Kun san wurin wanke hannu da alwala a gidan biki, bakin famfo ne. Babu macen da ta shigo ba ta je wurin ba. Wadda ba ta lura ba kuma Yaya takan nuna mata. Ina jin ta daga ɗaki tana cewa, "Ku zo ku ga gonar matar ƙanena, bana ta yi kyau." Ana dariya, ni ma ina yaƙe ina rarraba abinci, amma ji nake kamar in nutse. Kaskon turare uku na kunna a ranar, kamar ƙamshi zai rufe abin da ido ya gani.

'Yata ta iso da rana, ta gaisa da jama'a, ta ɗauki jariri, ta shiga hidima. Ta lura ana tsokana, ta ɗauka wasan dangi ne, har tana tayawa da bayani. Ni kuma ban ja ta gefe na gaya mata yadda aka yi jiya ba. Na ga tana cikin jarrabawa, na ce kada in ɗaga mata hankali. Kafin magariba ta koma makaranta.

Mahaifiyar mai jego tana cikin waɗanda suka yi alwala a wurin. Na gan ta. Ta tsaya, ta dubi bangon, ta dubi tukunyar wankan jego da ke girke kusa da shi, ta dubi igiyar da nake shanya kayan jariri. Ba ta yi dariya ba. Da ta yi dariyar ma da ya fi min sauƙi.

Washegari da safe ta dawo da mota. Ta gaishe ni da kyau, ta yi godiya mai yawa, ta yaba hidimar da na yi. Sannan ta ce ta yi tunani, dangin mahaifin yarinyar suna ta magana cewa haihuwar fari ce, bai kamata a karya al'ada ba. Ta ce kuma ga ni da aiki ya yi min yawa, ga damina, ga sanyin wuri, jariri ba ya son laima. A kan kalmar laima ɗin nan ta ɗan tsaya.

Na ce, "Hajja, gaskiyarki ne. Allah ya raya mana shi."

Ni na haɗa musu kaya da hannuna. Na sa musu kanwar da geron da turaren, har itacen na ce a ɗauka. Matar ɗana tana hawaye, tana cewa Mama ni ba ni na ce ba. Na ce na sani. Na yi wa yaron wanka na ƙarshe, na miƙa shi.

Daga nan sai na koma baƙuwa a wurin jikana. In hau keke napep har Maisandari, in yi sallama, a shimfiɗa min tabarma. Hajja mace ce mai kirki, ba ta taɓa faɗa min baƙar magana ba. Amma duk zuwan da zan yi, kafin a miƙo min yaron sai an kawo min buta da sabulu. Wataƙila kowa haka ake yi masa. Ban tambaya ba. Ni dai na san yadda nake ji in ina wanke hannun nan a gaban mutane, ni da ake aiko 'yan mata gidana su koyi gyaran ɗaki.

Da ƙarshen mako ya zo 'yata ta dawo, ta tarar da ɗakin mai jego a rufe. Ta tambaya, na ce sun koma gida, al'ada ce. Ba ta yarda ba. Ƙanwarta ce ta kwashe komai ta gaya mata. Sai ga ta ta same ni ina tsintar shinkafa, ta zauna a ƙasa kusa da ni.

"Mama, me ya sa ba ki kira ni ba? Ai na kusa gamawa. Awo ɗaya ya rage, kuma ko babu shi abin da na tara ya isa. Da kin bari Gwaggo ta wanke."

Na ce ai ita ta ce digirinta ne a jikin bangon.

Ta rufe fuska da hannu. Ta ce wasa take yi.

To 'yan uwa, duk kunyar da na sha ranar suna ba ta kai ta wannan lokacin ba. Waya tana hannuna tun ranar jajibiri. Tambaya ɗaya ce, 'yar nan, in aka wanke me zai faru? Ban yi ba. Ba don komai ba sai don na ɗauka abin jami'a ba a tambayar dalilinsa, balle ni da na koyi baƙi da tsufa. Na ji tsoron kada in ɓata abin da ban fahimta ba, sai na tsaya a gabansa kamar soja, na yi wa yayar mijina musu a gaban jama'a, na bar jikana ya fita daga gidana. Kuma 'yar da na haifa ce fa, wadda na koya wa riƙe cokali.

Ta yi kuka ranar, ta ce za ta je Maisandari ta yi bayani. Na hana ta. Me za ta ce? Mutum ya riga ya ga abin da ya gani. Ta yi awonta na ƙarshe, ta cire ƙusoshin da zaren. Ta ce ita za ta wanke, na ce a'a, ni zan yi. Ko wahala bai ba ni ba. Ina kai buroshi ya ɓaɓɓako kamar ɓawon tuwo, ruwa ya tafi da shi kwata. Abin da na yi wata da watanni ina gadi.

Ta ci jarrabawarta, Alhamdu lillahi, yanzu ita ma koyarwa take yi. Da Yaya mun shirya tun a azumin shekarar, na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma har Allah ya karɓi ranta in mun gaisa sai ta ce yaya gona. A haihuwa ta biyu Hajja ta kawo min 'yarta da kanta. Na lura da ta shigo ta ce za ta yi alwala, alhali ba lokacin salla ba ne. Ta je bakin famfo ta dawo, sannan ta ce a shigo da kaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daminar da ta biyo baya. Ruwa ya sauka bai daɗe ba, na je ɗibar ruwa, sai ga kore ya fito a daidai wurin, har a cikin ramukan ƙusoshin. Babu wanda ya shuka, babu wanda ya yi gadi. Na tsaya ina kallonsa, sai bayanin 'yata ya dawo min, na waɗanda in sun tafi sun tafi, da waɗanda ko an kankare za su dawo. Na ji bayanin da kunnena, har na maimaita shi a gaban mata, amma ban iya aiki da shi a cikin gidana ba. Gansakuka tana dawowa duk shekara. Arba'in ɗin jikan fari sau ɗaya ake yin ta.

Tun daga lokacin na koyi tambaya. Likita ne, malami ne, 'ya'yana ne, in aka ce min kada a taɓa, nakan ce to, amma in aka taɓa me zai faru? Wani lokaci ana yi min dariya. Na gwammace wannan dariyar.

Yaron yanzu ya shiga firamare. In ya zo hutu da damina yakan tsuguna a bakin famfo da ɗan gilashin gwaggonsa, ya kira ni in zo in ga daji. Nakan je in leƙa, in ce masa ya yi kyau. In bar shi ya kalla har ya gaji ya tafi wasa. Sannan in ɗauko buroshi.